Aikin haɗa jirgin ƙasan tebur da kwamfuta: inda aka kwana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Kayan da ke ƙasa dai ga su: layin dogo na ƙaramin ma'aunin da ake kira HO zagaye ɗaya a kan falankin da na sa aka yanko mini a Panteka, da wani guntun layi daban da bai haɗu da komai ba, kan jirgi ɗaya mai dikoda a ciki (ɗan cif ɗin da ke karɓar umarni) da taragunsa, ɗan allon kwamfuta Arduino Mega, shil (allon da ke ba layi wuta) da ake ɗora masa a ka, adafta mai folt 15, sai tsohuwar laftof mai Windows 10. Allon da shil ɗin da kan jirgin duk na hannu ne, wajen wani bawan Allah na saya da ya dawo daga karatu a waje ya ce ba shi da wurin ajiye su. Abin da nake so bai da yawa, in zauna gaban kwamfuta in tuƙa jirgin da manhajar JMRI, in abu ya yi kyau yara su riƙa tuƙawa da waya.

Ga masu tambayar me ya haɗa kwamfuta da jirgin wasa. A tsohon tsari wutar layin kake ƙarawa ko ragewa, duk abin da ke kan layi sai ya bi. A tsarin dijital da ake kira DCC ba haka ba ne, wuta a cike take a kan layi kullum, umarnin kuma a cikin wutar yake tafiya, tana juya fuska da sauri, idan juyin gajere ne mikrosakan 58 kowane ɓari to 1 ke nan, idan ya kai wajen 100 ko fiye 0 ke nan. Kowane kan jirgi da adireshinsa, duk suna jin saƙon amma wanda aka kira lambarsa ne kawai zai motsa. Asalin tsarin na kamfanin Lenz ne a Jamus, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar kowa a shekarun 1990, shi ya sa dikodar wannan kamfani take aiki da tashar ba da umarni ta wancan. Tawa tashar Arduino ne da manhajar DCC-EX a ciki, kyauta, don kuɗin tashar kanti a wannan canjin dalar ba maganar da zan iya kaiwa gaban uwargida ba ce.

To yau na soka kebul, koriyar fitilar allon ta kama, amma Windows ko ƙarar nan da yake yi in an soka masa abu bai yi ba. Na buɗe manajan na'urori, babu sabon abu, na cire na mayar, shiru. Allon nawa irin mai ƙaramin bakin micro-USB ne, kebul ɗin kuma na fawa bank ne da na tsinta a durowa. Gwajin da ya raba gardama: na soka wayata da shi a laftof ɗin, tana caji amma kwamfuta ba ta ga hotunan ciki ba. Kebul ɗin caji ne zalla, wayoyi biyu na wuta kawai gare shi, na data babu. Fitila ta kama ba ya nufin ana magana.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na leƙa wajen masu kayan waya a Kasuwar Sheikh Gumi, na ce a ba ni kebul na data, kuma sai da aka gwada shi a kwamfutar shagon a gabana kafin na biya. Yaron shagon har yana cewa "Alhaji ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne.

Yanzu Windows ya yi ƙara, amma abin da ya fito a manajan na'urori da alamar ɗorawa mai kusurwa uku ya fito, ba a san ko waye ba. Na juya allon na duba ɗan cif ɗin da ke kusa da bakin USB, an rubuta CH340. Arduino na asali ATmega16U2 yake amfani da shi a wurin nan, irin namu masu sauƙin kuɗi kuwa galibi CH340 ne kuma yana son direbansa. Na sauke na girka, alamar ta ɓace, ya koma COM5.

Daga nan ban taɓa JMRI ba tukuna, da gangan. Tsakanin yatsana da ƙafar jirgin akwai laftof, kebul, Arduino, shil, layi, dikoda, idan na haɗa su duka lokaci guda abu ya ƙi ba zan san wa zan kama ba. Sai na sake loda DCC-EX da EX-Installer don in san abin da ke ciki nawa ne, na buɗe tagar siriyal ta Arduino IDE, inda ake rubuta wa allon umarni kai tsaye. Da farko tarkacen haruffa ne suka zubo, saboda tagar tana kan 9600 shi kuma 115200 yake magana. Na gyara na tura `<s>`, ya amsa da layin da ya fara da iDCC-EX, ya faɗi sigarsa ya ce MEGA ya faɗi irin shil ɗin. Na haɗa adafta na tura `<1>`, ya ce `<p1>`, fitilu huɗun da ke bakin inda wayoyin layi ke fita suka kama gaba ɗaya. Na tura `<0>` suka mutu. Alhamdulillah, daga laftof zuwa bakin shil dai hanya a buɗe take.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar JMRI. Da farko ma ƙin tashi ya yi, laftof ɗin Java 8 ce a kanta, JMRI 5 kuma sai Java 11 ko sama. Wannan ya ci data ba kaɗan ba, sai da na jira dare.

Da ya tashi na zaɓi DCC++ ta siriyal na ba shi COM5, sai ya ce ba zai iya buɗe fot ɗin ba. Abin da ya faru tagar siriyal ɗin nan tana buɗe a baya, kuma fot ɗin COM manhaja ɗaya tal yake karɓa a lokaci guda, wanda ya riga ya kama shi ke da shi. Na rufe ta, ya shiga.

Bayan la'asar na matsar da laftof ɗin ɗaya gefen teburin don caja ta kai soket, na kunna JMRI ya ce COM5 ba ya nan. Ya koma COM7. Dalili, kebul ɗin a ramin USB na dama na soka maimakon na hagu, shi CH340 ɗin nan ba shi da lambar shaida tasa ta kansa, don haka Windows da ramin yake gane shi, sabon rami sabuwar lamba. Ana iya shiga saitin fot ɗin a ɗaure masa lamba, ni dai tef na manna a ramin hagu na rubuta JIRGI da biro, an wuce wurin.

Wani abu kuma da ya kamata mai farawa ya sani don kada hankalinsa ya tashi: duk lokacin da wata manhaja ta buɗe fot ɗin, Mega sake tashi yake yi daga farko, haka aka gina shi don a iya loda masa manhaja ba tare da danna maɓalli ba. To idan ka kunna wutar layi a tagar siriyal sannan ka buɗe JMRI za ka ga fitilun sun mutu. Ba lalacewa ba ce, ka danna maɓallin wuta na JMRI ya zama kore.

Asabar, 25 ga Janairu

Wuta tana kan layi, JMRI kore, na buɗe maƙura, wato tagar da ake ba jirgi gudu da ita, na sa adireshi 3 tunda kusan duk dikoda da 3 take fitowa daga kamfani, na ja gudu. Jirgi ko gezau. Fitilarsa ma ba ta kama ba.

Na sa mita a kan layi a ma'aunin AC ta ba ni wata lamba da ba ta yi kama da komai ba. Kada wannan ya ruɗi kowa, mitocinmu na kasuwa don wutar gida mai juyi 50 a sakan aka yi su, wutar DCC kuwa tana juyawa sau dubbai a sakan kuma ba lanƙwasa take ba, a miƙe take sauka. Abin da mitar za ta gaya maka kawai shi ne akwai wuta ko babu. Kuma dama cif ɗin L298 na shil ɗin yana cinye wajen folt biyu a hanya, shi ya sa ake ba shi 15 don HO ya samu abin da zai ishe shi.

Tunda na hannu ne, mai shi na farko zai iya canza adireshin. Anan guntun layin nan ya yi amfani. Shil ɗin baki biyu gare shi, A na babban layi, B na layin saiti, a layin saiti ne kaɗai ake iya tambayar dikoda ta ba da amsa. Na ɗora kan jirgin na buɗe DecoderPro, sashen JMRI na saita dikoda, na ce ya karanta. Kuskure 308. Wato an yi tambaya ba a ji amsa ba.

Yadda dikoda ke amsawa abin dariya ne in ka ji, ba ta da baki, motar jirgin take ɗan zabura ta ja ƙarin wuta kimanin miliamfiya 60 na tsawon milisakan 6, tashar kuma tana auna wutar da ake ja, in ta ga wannan ɗan tsallen sai ta ce an ce eh. Duk karatun CV, wato gurabun saitin da ke cikin dikoda, da haka ake yi, tambaya bayan tambaya, eh ko shiru. Kenan komai ƙanƙantar abin da ya shiga tsakanin ƙafa da layi zai iya cinye amsar. Na rufe JMRI na koma tagar siriyal na tura `<D ACK ON>` sannan `<R>`, ya dawo da `<r -1>`, bayanan da ya zubo kuma sun nuna tsallen yana zuwa amma ko dai bai kai ba ko ya yanke da wuri. Na tsuguna na haska tocilan a kan layin ta gefe, sai ga shi saman ƙarfen da ya kamata ya riƙa ƙyalli ya yi dishi-dishi, na goga yatsa ya fito ja. Hazon bana ne, ɗakin tagarsa raga ce kawai, falankin kuma a buɗe yake kwana. Ƙafafun jirgin sun fi muni, wani baƙin danƙo ne ya kwanta a kansu har sai da farce ya ɗago shi.

Na samo sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi, na jiƙa tsohuwar singileti na bi layin duka, ƙafafun kuma da auduga a tsinke ɗaya bayan ɗaya. Samfefa kada ma a kawo shi kusa, zai karce ƙarfen ne datti ya samu wurin zama. Na sake tura `<R>`, jirgin ya yi ɗan ƙyaf-ƙyaf ɗin nan a wurinsa, ya ba da amsa. Adireshi mai lamba huɗu ne, lambar da ke rubuce a jikin kan jirgin. Na sa ta a maƙura na mayar da shi babban layi, ya tafi.

Daga yau falankin da tsohon zanin gado yake kwana.

Lahadi, 26 ga Janairu

Kawu ya zo daga Kakuri, shi da ya yi ritaya daga aikin reluwe, na ce ya shigo ya gani. Ya tsaya ya daɗe yana kallo hannu a baya, abin da ya fara cewa shi ne "Kai ɗan nan, wannan ai ba layinmu ba ne, ya yi faɗi." Kuma gaskiyarsa. HO kashi 1 cikin 87 ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 16.5, in ka ninka da 87 za ka samu 1435, wato faɗin sabon layin da ke tashi daga Rigasa zuwa Idu. Tsohon layin da ya taso daga Legas ya ratsa Kaduna ya wuce Kano, wanda Kawu ya yi wa aiki, 1067 ne, wanda zai kwaikwaye shi a wannan ma'auni sai ya nemi layi mai milimita 12. Da ido kawai ya gane. Na ce Kawu a yi haƙuri abin da ya samu ke nan, ya ce to ai sai ka sa masa suna irin na 'yan zamani.

Shi ke nan na canza adireshin zuwa 2016, shekarar da jirgin Abuja ya fara aiki. DecoderPro yana yin lissafin da kansa amma na so in ga me yake rubutawa. Gajeren adireshi daga 1 zuwa 127 a CV1 yake zama, dogon kuma a CV17 da CV18: a raba 2016 da 256 ya ba da 7 saura 224, sai CV17 ya zama 192 a tara da 7 wato 199, CV18 kuma 224. CV29 ne ke faɗin wanne za a bi, in akwai 32 a cikinsa dogon ake bi. Na tarar da shi a 38, na mayar 34, wato na cire 4 ɗin da ke ba dikoda damar tafiya da wutar DC. Da irin wutarmu ba na son ranar da siginar za ta rikice dikoda ta ɗauka DC aka ba ta jirgi ya kwasa da gudu ya dira ƙasa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba wani labari na kwamfuta kwanakin nan, komai lafiya lau. Na yi tasha da kwali da sandunan ashana, na jera mata ƙananan fitilun LED kowace da resistonta, na ɗauko musu wuta daga fil ɗin 5V na allon tunda shi ne a kusa. Da daddare in an kashe ƙwan ɗaki abin ya yi kyau ba laifi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Sabuwar matsala, kuma wannan ta fi duk na baya ban haushi don ba kullum take zuwa ba. Ana cikin tafiya, wani lokaci minti goma wani lokaci fiye, sai laftof ta yi ƙarar an cire abu ta sake yin ta an soka, fitilun shil su mutu, jirgi ya tsaya cak, JMRI kuma maƙurarsa tana nan a buɗe amma ba ta tuƙa komai sai an rufe an sake buɗewa.

Waɗanda na fara zargi: saitin Windows da ke sa ramukan USB barci don adana batir, na kashe shi a tsarin wuta na kashe a manajan na'urori, bai hana ba. Kebul, na ari wani gajere mai ƙullin nan a kusa da baki, na raba hanyarsa da wayoyin layi, bai hana ba. Janareta, to ranar Alhamis da akwai wutar gari ma ya yi. Cajar laftof, na cire na bar ta a batir, ya yi. Shot a kan layi, babu, kuma in shot ne DCC-EX wutar layin kawai yake yankewa ya faɗa maka, ba ya ɓacewa daga kwamfuta.

Abu ɗaya dai na lura, da safe ya fi daɗewa kafin ya yanke, da rana kuwa ba ya jimawa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya sa aikin ya koma bayan tarawih, sai yau da na samu rana. Na daina canje-canje barkatai na koma yadda na fara, a cire komai a riƙa mayarwa ɗaya-ɗaya.

JMRI a rufe, jirgi a kwali, adafta a cire, allon da USB kawai, tagar siriyal a buɗe. Amfanin tagar shi ne duk sanda allon ya sake tashi ko fot ɗin ya ɓace zan gani. Na bar shi tun hantsi har azahar, ko motsi. Na soka adaftar folt 15, ban ma kunna wutar layi ba, `<0>` yake, babu jirgi babu komai. Kafin in gama ninke tabarma ya yanke. To magana ta fito, ba JMRI ba ne ba layi ba ne ba dikoda ba ce, shigowar adaftar ce, alhali ita shil kaɗai ya kamata ta ciyar.

Na ɗaga shil ɗin na kai yatsa kan 'yar reguletar da ke kusa da bakin wutar Mega, wlh sai da na yarfe hannu, kamar dutsen guga. Na mayar na sa mita tsakanin fil ɗin Vin, inda wutar waje ke shiga allon, da GND, folt 15 cif. A ƙarƙashin shil ɗin akwai wasu ɗigon dalma biyu da siririn zaren tagulla ya haɗa, an rubuta Vin a wurin, umarnin DCC-EX ya ce a yanke shi don kada wutar layi ta gangara cikin Arduino. Wanda ya sayar mini ya ce an yanke, kuma in ka duba da ido akwai shatin wuƙa a wurin ƙarara. Na ɗauki hoto da waya na zuƙo shi, sai ga shi wuƙar fentin sama ta kankare ta ci rabin tagullar, wani siririn gefe yana nan a haɗe. Na sa mita a ma'aunin ƙara na taɓa ɗigon biyu, ta yi tsuwwa.

Lissafin kuma ba wuya. Mega ana so a ba shi tsakanin folt 7 zuwa 12 ne, reguletarsa irin wadda ke ƙona rarar ta zama zafi ce. Daga 15 zuwa 5 rarar folt 10 ke nan. A Janairu allon kaɗai take ɗauka ga sanyin hunturu, tana ta fama ba wanda ya sani. Da fitilun tasha suka hau na auna abin da ake ja ya kusa miliamfiya 200, a ninka da 10 wat biyu ke nan a jikin abin da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ga zafin Maris a ɗaki mai rufin kwano. In ta yi zafi ta kai maƙura sai ta kare kanta ta janye wuta, 5V ya faɗi, allon da CH340 su sake tashi tare, kwamfuta ta ga an cire an mayar. Dalilin da safe ta fi haƙuri ke nan.

Na kai wa mai gyaran waya na bakin layinmu don shi ke da madubin ƙara girma. Ya duba ya ce "Oga wannan ai shafa aka yi ba yanka ba," ya sa sabuwar reza ya ja sau biyu ya ɗebe guntun tagullar, mita ta yi shiru. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce sai dai a kira shi ya ga jirgin. Wanda ba ya son yanka zai iya lanƙwasa fil ɗin Vin na shil ɗin waje kada ya shiga ramin Mega, aiki ɗaya suke yi. Amma ko wanne ka yi, ko aka ce maka an yi, ka sa mita.

Lahadi, 9 ga Maris

Vin yanzu babu folt 15, reguleta da sanyinta, allon daga USB yake ci. Fitilun tasha na sauke su daga kansa na ba su tsohuwar cajar waya tasu daban, don ramin USB na laftof ɗin miliamfiya 500 ne iyakarsa. Jirgi ya yi ta zagaye daga azahar har aka kusa shan ruwa, a tsakiyar zafi, bai yanke ba.

Asabar, 22 ga Maris

Saura waya. A JMRI akwai sabar WiThrottle, ka kunna ta, a wayar Android kuma ka sa Engine Driver. Ba mu da rawuta a gida, hotsifot na wayar uwargida na kunna na haɗa laftof da wayar babban ɗana a kai. Engine Driver bai ga sabar da kansa ba, na rubuta masa adireshin IP na laftof da fot 12090 da hannu, nan ma ya tsaya yana juyi har ya gaji. Katangar tsaron Windows ce, ya ɗauki hotsifot ɗin a matsayin hanyar jama'a, Java kuma izinin hanyar gida kawai gare ta. Na mayar da hanyar ta gida, nan take ya shiga. Adireshin IP ɗin yakan canza in an kashe hotsifot an kunna, sai a duba tagar WiThrottle, tana nuna shi a ƙasa.

Sai abin da wutar gari ta koya mana a daren. Yaron yana tuƙi aka ɗauke wuta, adafta ta mutu jirgi ya tsaya, amma laftof tana kan batir, Arduino yana ci daga gare ta, kenan tashar ba ta san an yi komai ba tana ta maimaita umarnin ƙarshe. Ana tayar da janareta jirgin ya ci gaba da gudun da yake a kai ba wanda ya taɓa komai, ƙanwarsa kuma ta riga ta sa hannu a layi tana gyara tarago. Ba abin da ya same ta, wutar layin ba ta kai ta yi illa ba, tsorata kawai ta yi taragu biyu suka sauka. Yanzu doka ce a ɗakin, ana ɗauke wuta mai riƙe da waya ya danna tsayawa kafin ya nemi tocila. A tagar siriyal `<!>` ne ke tsayar da kowa lokaci guda.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah lafiya, 'yan yawon sallah sun tuƙa jirgi har batirin wayoyi ya ƙare, Kawu ma ya karɓa ya gwada ya ce birkin ya yi kaifi da yawa jirgin gaske ba ya tsayawa haka. Na ƙara CV3 da CV4 don ya riƙa tashi a hankali yana tsayawa a hankali, ya ce yanzu ka yi magana. Tun yankan Vin haɗin bai sake faɗuwa ba. 308 ya dawo sau ɗaya bayan iskar da aka yi, tsumma da sifirit suka kore shi.

Abin da ke gaba: mararrabar layi guda ɗaya da ɗan injin servo zai riƙa juyawa, shi ma da wutarsa daban ba daga allon ba, da ƙarin wayoyin ciyarwa a can ƙarshen zagayen inda jirgin ke ɗan rage gudu. Kan jirgi na biyu yana hanya wajen wani ɗan uwa da zai dawo bayan babbar sallah, ba shi da dikoda, sai na nemo mai fil takwas kafin ya iso.